Koton roba don giwan ruwan Kogin Kaduna: littafin aikina

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na baro bakin kogi da koto biyu kacal a aljihu, cikin goma sha biyun da ƙanena ya kawo mini tsaraba bara. Sauran suna maƙale a ƙarƙashin duwatsun da ke gangaren Gamji, wasu kuma kifi ya yayyage su. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan kifi ne ko tana da ake zubawa da roba mai laushi, tsawon yatsa. Sai ka soka masa ƙugiya ka wurga, kana naɗe zare yana kaɗa wutsiya kamar mai rai, babban kifi ya hango ya kawo cafka.

Na tambayi kuɗin sabo a wajen masu kawowa daga Legas, na ji abin da ya sa na yi shiru. Ba zan iya zuba irin wannan kuɗin a abin da dutse ɗaya zai raba ni da shi ba. Don haka na yanke shawara zan koyi zubawa da hannuna. Ina da gwangwanin madara cike da yagaggu da gutsattsari, nawa da waɗanda na tsinta a bakin ruwa. Robar irin wadda ake narkawa ce a sake zubawa. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne wanda ya fara yin tanar roba a Amurka a 1949, Nick Creme, ba a masana'anta ya fara ba. A gidansa ya fara, a garin Akron, shi da matarsa. Ni kuwa gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'ata shekara goma sha tara, zafi da sanyi ba baƙina ba ne.

Zan riƙa rubuta abin da na yi da ranar da na yi shi, daidai da kuskure, don kada in maimaita.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na samu maikirowef. Wani kwastoma ne ya bar ta a shago tun bara, ya ce in ta gyaru in riƙe. Fis ne da makunnin ƙofa. Wat 700 ce. Gargaɗi ga wanda zai yi sha'awar buɗe tasa: akwai kafasita a ciki da ke riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko an zare soket. In ba aikinka ba ne, kai wa mai aikin.

Da na shigo da ita gida uwargida ta yi murna, ta ɗauka ta ɗumamen tuwo ce. Na zaunar da ita na yi mata bayani: wannan na'ura daga ranar da roba ta shige ta, abinci ya haramta gare ta har abada. Ta ce, "Malam, to yara fa?" Tambayar da ta dace ke nan. Na ɗauko fenti na rubuta BA TA ABINCI BA a ƙofarta, na kuma sa kwaɗo a akwatin da za ta riƙa kwana. Kofin awo na gilashi mai kauri, Pyrex, na same shi na hannu a Kasuwar Barci. Safar hannu ta masu walda ina da ita.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Zubin farko, kuma ban ji daɗinsa ba.

Na yayyanka tsofaffin da almakashi ƙanana-ƙanana, kamar rabin kofi, na sa a ciki. A zaure na yi, don iska tana damuna a tsakar gida. Abin da na ji ana faɗa shi ne minti biyu zuwa uku, sai na murɗa uku na tsaya ina kallo ta gilashi. Har minti biyu da rabi gefen kofin bai nuna komai ba, gutsattsarin suna nan da siffarsu. Ina cikin tunanin ko na'urar ce ba ta aiki, sai na ga wani siririn hayaki ya taso daga tsakiya. Kafin in kai hannu ya turnuƙe.

Warin na san shi. Duk mai gyaran firji da ya taɓa kai wutar walda kan bututun da sauran tsohon gas ke ciki ya san wannan warin mai yankar maƙogwaro, mai sa hawaye ba shiri. Dangi ɗaya ne. Wannan roba PVC ce, akwai sinadarin kulorin a jikinta, in ta ƙone sai ta saki iskar da ke zama asid da zarar ta taɓa laimar ido ko ta huhu. Na zare soket, na riƙe numfashi na ɗauko na'urar ɗungurungum na fitar da ita waje.

Da ta huce na duba kofin. Gefe yana nan da launinsa, ko narkewa bai gama ba, amma tsakiya ta zama baƙi ƙirin kamar ƙanzo, da rami a ciki. Wato maikirowef ba ta raba zafi daidai. Wani wuri tana dafa shi fiye da wani, ita kuma roba ba ta zagayawa da kanta kamar ruwa balle zafin ya bazu. Idona yana kan gefe, wuta tana cin ciki.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na gwangwanina ya tafi a yau.

Talata, 12 ga Nuwamba

Kwana biyu ina tari. Filaya da sukundireban da na bari a kan benci a zaure duk sun yi jan tsatsa, alhali ba ruwan da ya taɓa su. Abin da ya yi wa ƙarfe haka, ina ga huhu. Na sayi abin rufe hanci na masu fentin mota, mai gwangwani biyu a gefe. Takunkumin ƙyalle ba ya tare wannan. Aiki ya koma ƙarƙashin rumfa a bayan gida, in ba iska baya, kuma sai yara sun tafi Islamiyya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau na gane abin da nake ganin shi ne gindin maganar duka.

Na taho da bindigar awon zafi daga shago, wadda nake auna iskar na'urar sanyi da ita. Na canja tsari: sakan talatin, in fitar, in juya sosai da wuƙar tebur, in auna, in mayar. Sai an juya kafin a auna, don bindigar fuskar sama kawai take karantawa, tsakiya kuwa ta fi haka zafi. Da safe, wajen ƙarfe goma, zagaye biyar ya kai ni digiri 165, robar ta zama ruwa tana bin wuƙa kamar zuma. Ba hayaki, sai ɗan tururi.

Bayan la'asar na sake da awo ɗaya, kofi ɗaya, na'ura ɗaya. Zagaye biyar, ko laushi ba ta gama yi ba. Sai da na yi tara. Na ɗauko mita na soka a soket: wutar da ta kamata ta zama bolt 230 ta sauko 178. Da safe kuwa 221 na gani. Ashe duk wanda ya ce maka minti kaza, lissafin wutar garinsu yake yi maka. Mu nan ƙarfin wuta yakan canja tsakanin azahar da magariba, wani lokaci kana tsaka da aiki. Minti ukun da bai narka komai ba jiya, yau shi zai ƙone maka kofi. Daga yau na daina kallon agogon na'urar. Ma'aunin zafi da abin da wuƙa ta gaya mini, su ne abin bi.

Ƙaramin injina ba zai ɗauke ta ba. Wat 700 ɗin da aka rubuta shi ne abin da take bayarwa a ciki, abin da take ja daga bango ya haura 1,000. Da litar fetur sama da naira 1,000 kuwa ba zan tada babban inji don koto ba. In an kawo wuta a yi, in an ɗauke a jira.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mazubi. Na zauna da sabulun wanki mai tauri da reza na sassaƙa ɗan kifi mai tsawon santimita tara, na kwaikwayi kawara, bayansa a shafe don ya kwanta. A ƙarshen wutsiya na bar ɗan faifai a karkace kamar tafin ƙafa, shi ne zai tare ruwa ya sa ta rawa. Sau huɗu wutsiyar tana karyewa a hannuna kafin ta biyar ta tsaya. Na manna shi a gindin robar ɗaukar abinci, na shafa basilin kaɗan, na dama garin POP da na karɓo wajen masu silin, na zuba a hankali daga kusurwa, ina bubbuga gefe don kumfa ta taso. Bayan awa ɗaya na kife na ciro sabulun. Har layin da na ja da allura a matsayin ƙaya ya fito.

Babban ɗana ya tsaya a kaina tun farko har ƙarshe. Wannan ɓangaren na bar shi ya sa hannu, tunda ba wuta. Ya ce, "Baba, a yi masa ido." Da kan ashana muka yi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Gaggawa ta ja mini. Mazubin ya bushe a ido, na zuba, nan take robar ta hau tafasa tana tsartuwa, koton ya fito da huji-huji kamar soso. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ni kuma na zuba masa abu mai 160. Duk laimar da ke ɓoye a cikin POP ɗin ta zama tururi ta nemi hanyar fita. Haka ma tsinken itacen da na gwada juyawa da shi, shi ma kumfa ya kawo, don itace yana riƙe laima. Na koma wuƙata.

Na shanya mazubin a kan kwanon rufi. Hunturu ya fara sauka, kwana huɗu ya isa. Bayan nan zan shafe cikinsa da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa, shafi uku, kowanne ya bushe kafin na gaba.

Wani abu kuma: cikin tsofaffin akwai guda biyu masu miƙewa kamar danƙo, ka ja su har su ninka tsawonsu sau da yawa ba su tsinke ba. Waɗannan ba PVC ba ne, wata roba ce dabam, kuma ba sa shiri da ita. Inda suka kwanta a gwangwani sun narke sun manne da maƙwabtansu sun zama kamar cingam. Na ware su.

Asabar, 7 ga Disamba

Koto shida na farko sun ga kogi. Launinsu ba kyau, don tsofaffin da na haɗa kala-kala ne, abin ya fito ruwan ƙasa-ƙasa kamar jar kanwa. Amma suna da sheƙi, gam ya yi aikinsa. Kan dalma, wato nauyin da ke nutsar da koto, na zuba shi daban a kan ƙugiya, da dalmar da masu birgi ke sawa a bakin tarunsu, a gwangwani kan gawayi, a fili. Dalma sai digiri 327 take narkewa, kuma ba ta da hurumi a maikirowef, ita da duk wani ƙarfe.

Ruwa ya ja sosai, duwatsu sun fito, jan ruwan damina ya kwanta har kana ganin ƙafarka a inda ya kai gwiwa. Lokacin koton roba ke nan, tunda kifin da nake nema da ido yake farauta.

Na tarar da Baba, wani tsohon masunci, yana ɗinkin taru a gindin bishiyarsa. Basarke ne, iyayensa daga wajen Yawuri suka zo, a ruwan nan ya tsufa. Na durƙusa na gaishe shi na miƙa masa ɗaya. Ya juya shi, ya matsa, ya kai hanci. Ya ce, "Injiniya, wannan warin taya yake. Tarwaɗa da hanci take ci, ba za ta kula ka ba. Ita a ba ta hanjin kaza ko sabulu." Na ce, "Baba, giwan ruwa nake nema." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in jefa ya gani.

Na jefa kusa, na jawo a gabansa. Wutsiyar ba ta motsa ba. Koton ya taho a sandare kamar kara. Baba ya sa yatsa a wuyan wutsiyar ya ce, "Nan ya yi kauri. Ɗan kifi daga nan yake karya jiki." Shekarunsa a ruwa ne suka yi magana, kuma daidai ya faɗa. Ban kama komai ba, amma na dawo da abin gyarawa.

Juma'a, 13 ga Disamba

Ɗanyar robar da na yi oda ta iso, lita ɗaya. Sunanta falastisol: garin PVC ne mai laushi ƙwarai da aka dama cikin wani mai da ke sa shi taushi. Fara ce kamar madara. Masu buga riguna ma suna da tawada mai wannan suna, amma haɗinta dabam ne, kauri gare ta, don a shafa aka yi ta ba don a zuba ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ɗanya ba kamar tsohuwa ba ce, tana da matakai, kuma kallonsu abin sha'awa ne. Da farko madara. A zagaye na uku sai ta fara kauri kamar talge. A na huɗu ta cure ta zama kamar tuwon da aka tuƙa, wuƙa tana tsayawa a ciki, har ka ce ta lalace. Nan ne mutum zai ruɗe ya ƙara mata wuta da yawa. Ka daure, ka rage zuwa sakan goma sha biyar. Sai ka ga ta fara saki daga gefe, farin yana gushewa, can sai ta koma ruwa garau kamar man gyaɗa, kana hango gindin kofi. A karon farko dole ta kai wajen digiri 177 kafin garin da man su zama abu ɗaya. In ba ta kai ba koton zai fito da rauni. In ta wuce sosai sai ta fara ja kamar shayi, daga nan sai ƙuna. Tsakanin dahuwa da ƙonewa tazarar kaɗan ce, shi ya sa zagayen ƙarshe nake yin sa sakan goma-goma.

Duk da haka zubin yau ya fito da maiƙo, yana narkewa a hannu kamar alewar da ta sha rana. Na leƙa galan da tocila, na ga garin ya kwanta a gindi ya daskare, man kawai na tsiyaya daga sama. Na sa dogon ƙarfe na kankaro shi, na girgiza har kafaɗata ta gaji. Zubi na biyu ya yi daidai.

Sabon mazubi mai siririn wuyan wutsiya ya bushe. Na cika baho na ja koton da hannu. Wutsiyar ta kaɗa. Uwargida da ke tsaye da tsintsiya ta ce, "Ikon Allah, kamar mai rai."

Asabar, 21 ga Disamba

Na ƙone. Sanyi ya sa na ga safar hannu tana hana ni riƙe kofi da kyau, na cire ta hagu. Ɗigo ɗaya, bai fi ƙwayar masara ba, ya sauka a bayan hannuna. Ruwan zafi yakan zuba ya wuce, wannan kuwa mannewa yake yana ci gaba da ci. Na ruga famfo na sakar masa ruwa. Uwargida ta taho da man goge baki, maƙwabciya ta ce a fasa ƙwai. Na ce a'a, ruwa mai sanyi dai, yana zuba, minti ashirin. Ba ƙanƙara, ba manja. Robar ta huce ta ɓare da kanta, wurin ya yi bororo, na je kemis aka rufe shi.

Na ƙara doka biyu: safa biyu da riga mai dogon hannu ko da zubi ɗaya ne, kuma kofi mai zafi a kan katako ake ajiye shi. Simintin hunturu da sanyinsa zai iya fasa gilashi, kofi guda na wannan abu a kan ƙafa kuwa ba na son ko tunaninsa.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Hannu ya warke, na koma. Launi nake nema. Kalar abinci ba ta yi, da ruwa aka haɗa ta. Ƙyalƙyalin da na saya wajen masu kayan ɗinki ya nannaɗe a cikin zafi, launinsa ya zube ya ɓata kofin duka. Ina zaune ina jimami uwargida ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar hodar kwalliyar ido, fara mai walƙiya, ta ce, "Malam, gwada wannan, na daina amfani da ita." Kan wuƙa ɗaya na sa. Robar ta zama kamar cikin kawara in rana ta haska shi. Irin wannan hoda da garin wani dutse mai sheƙi ake yin ta, shi ya sa zafi bai dame ta ba.

Na gwada gishiri a rabin zubin, na daka shi ya yi laushi, na soya shi a busasshen kasko don laima ta fita. Yana ƙara nauyi, koton ya fi nisa in an wurga, amma yana saurin yagewa kuma yana dusashe sheƙin. A ganina bai biya ba, tunda ina da kan dalma. Na bar shi.

Ashirin da huɗu na zuba yau. Na jera su a miƙe a kan tire, don in suka huce a lanƙwashe haka za su zauna. Sai sun kwana biyu kafin in taɓa su.

Asabar, 18 ga Janairu

An ci, amma ba wanda nake jira ba. Sau uku ina jin fizga kamar an ja ni da ƙarfi, in naɗo in tarar da rabin koto, an datse wutsiya kamar da almakashi. Baba ya duba ya ce tsage ne, haƙoransa ne haka. Na yi murna, don ko ba komai kifi ya yarda abinci ne.

Sai Baba ya yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ya ce, "Ɗana, wutsiyar nan uku da suka tafi, suna ina yanzu?" Na ce suna cikin kifi ko a ƙasan ruwa. Ya ce, "Tanata in ta tafi, ta zama abinci ko ta zama ƙasa. Taka fa?"

Ba ni da amsa, don gaskiyarsa ce. Wannan roba ba ta ruɓewa, cikin kifi ma ba ya narka ta. Kogin nan ya riga ya sha leda da robar ruwa fiye da ƙima, duk wanda ya tsaya a kan gada bayan ruwan farko ya gani da idonsa. Daga cikinsa ake tace ruwan da muke sha, daga cikinsa Baba yake ciyar da gidansa. Ban ga dalilin da zai sa in ƙara masa nawa da sunan sha'awa ba. Na yi tunanin dainawa gaba ɗaya, har na faɗa wa uwargida. Abin da na tsayar daga baya: ba zan ƙara jefawa a inda tsage ke yawo ba, wato ruwa mai gudu a sarari. Zan ɗiga gam mai ƙarfi in manne koto da kan dalma don kada ya zame. Wanda ya fara yagewa zan cire shi tun bai rabu ba, ya koma gwangwani. Kuma duk fitar da na yi zan dawo da leda cike da robar da na tsinta a bakin ruwa, tawa da ba tawa ba. Bai goge tambayar Baba ba, na sani. Abin da hannuna zai iya ke nan a yanzu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi.

Baba ne ya nuna mini wurin, wani gurbi mai zurfi a bayan babban dutse inda ruwa ke juyawa ya kwanta. Ya ce in bari sai rana ta yi ja. Na jefa farin nan na hodar uwargida, na bar shi ya nitse, ina ƙirga har shida, sannan na fara naɗewa a hankali, ina ɗan ɗaga sanda ina saki. A jifa na tara, yana gab da dutsen, sai zaren ya yi nauyi kawai. Ba fizga irin ta tsage. Kamar an rataya mini bokiti. Na ɗaga sanda, sai abin ya motsa.

Ya yi ƙasa, ya nemi ramin dutse, na danne shi gefe ina jin zaren yana gogar dutse, gabana yana faɗuwa. Can ya taso ya fito da kai waje, baki a wangame, yana girgiza shi don ya tofar da ƙugiya. Baba ya miƙe tsaye yana cewa, "Kar ka ba shi sako! Sassauta hannu, amma kar ka ba shi sako!" Da ya gaji ya kwanta a gefe, Baba ya shiga ruwa har gwiwa ya kamo shi ta leɓen ƙasa.

Giwan ruwa ne, jikinsa fari kamar sabon kwano. Magariba ta kawo kai, na haska tocila, idonsa ya mayar da hasken kamar garwashi. Koton yana can cikin maƙogwaro, ya zuƙe shi ɗungum, ko ƙwarzane babu. A sikelin mai kifi kilo 2 da ɗan ɗori. A dangin da ke wuce kilo 100 wannan yaro ne, amma hannuna rawa yake har na kasa cire ƙugiyar, sai Baba ne ya cire. Ya wanke koton a ruwa, ya ɗaga shi sama ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini bai ce komai ba. Na ba shi rabin kifin, ya ƙi, na rantse, ya karɓa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Mazubin POP ya fara ɓarewa a wajen wutsiya bayan zubi kusan sittin. Ranar Alhamis na kai samfur Panteka wajen masu zubin tukwanen alminiyam. Ogan wurin ya juya shi a tafin hannu ya ce zai iya zuba mini mazubi mai gurbi huɗu, amma zubin yashi ba ya fita sumul, sai na bi cikinsa da samfefa har ya yi santsi, in ba haka ba koton zai fito ba sheƙi. Mun shirya zan karɓa ranar Laraba. Alminiyam yana saurin shanye zafi, don haka sai na riƙa ɗumama shi kafin zubi, kada siririn wuyan wutsiyar ya daskare tun roba ba ta kai ƙarshe ba.

Saura kamar kashi ɗaya cikin uku na lita. Azumi ya rage mako biyu, kuma ba na son tsayuwa kan wannan tururin da baki a bushe, don haka zan zube abin da ya saura kafin a ga wata. Gwangwanin yagaggu ya sake cika, zan narka su su zama baƙaƙe, a gwada su da asuba.

Jiya da na je kai wa Baba goro, ya raka ni har bakin hanya. Sai da na hau babur ya ce, "Injiniya, farin nan, in ka zuba ka ajiye mini uku. Jikana ne yake so ya gwada." Na ce to, Baba. Biyar na ware masa, da kan dalmarsu, na manne kowanne da gam.